Cif Festus Okotie-Eboh, Akawun Kantin Bata da Ya Riƙe Baitulmalin Nijeriya

Ina so in yi amfani da wannan fili in kawo tarihin wani mutum wanda ba ɗan Arewa ba ne, amma ajalinsa ya haɗu da na shugabanninmu a dare ɗaya. Duk wanda ya zauna ajin tarihi ya san abin da ya faru ranar 15 ga Janairu, 1966. In aka ce a lissafa waɗanda aka rasa, nan da nan za mu ce Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Birgediya Maimalari da Kanar Kur Muhammad, mai ƙoƙari ya ƙara da Akintola. Kaɗan ne za su tuna da Ministan Kuɗi na Tarayya, Cif Festus Okotie-Eboh, alhali kuwa ban da Firayim Minista shi kaɗai ne ministan tarayya da sojoji suka kashe a wannan dare. Wanda ma ya tuna da shi, abu biyu yake tunawa, wato dogon zanen da yake ja a ƙasa da zargin cin hanci. Ni kuwa a ganina mutumin da ya riƙe baitulmalin ƙasar nan daga 1957 zuwa 1966 ya cancanci a dube shi fiye da haka, musamman a wurinmu da yawancinmu ma'aikatan gwamnati ne ko 'yan kasuwa, wasunmu ma ƙafa ɗaya nan ɗaya can.

An haife shi ranar 18 ga Yuli, 1912, a yankin kogin Benin da ke ƙasar Warri, cikin Jihar Delta ta yau. Mahaifinsa ɗan ƙabilar Itsekiri ne, mahaifiyarsa kuwa Urhobo, kuma sunan da ya tashi da shi Festus Samuel Edah, sai daga baya ya koma amsa sunan mahaifinsa. Su Itsekiri mutanen ruwa ne, kuma fatauci gadonsu ne kamar yadda yake ga Agalawa da Kambarin Barebari a wurinmu, sai dai su da kwalekwale suke nasu, ba da jaki ba. Su ne dillalan da ke tsakanin masu manja na cikin daji da jiragen Turawa na bakin teku. Babbansu a ƙarshen ƙarni na 19 shi ne Nana Olomu, wanda ƙarfinsa da dukiyarsa suka tsone wa Turawan Ingila ido har suka kai masa yaƙi a 1894, suka kore shi daga ƙasarsa. Daga nan cinikin waje ya koma hannun kamfanonin Turawa kacokan. Saboda haka yaron da aka haifa a 1912 ya tarar da labarin attajiran gidansu a bakin tsofaffi, amma abin da ya rage wa ɗan ƙasa a zahiri shi ne ya zama akawu ko ƙaramin dillali.

A Sapele ya yi karatu, a makarantar mishan ta Baptist. Sapele gari ne na katako da roba a bakin kogin Ethiope, inda jiragen ruwa ke zuwa ɗaukar gungumen itace, har ma akwai wani irin katako mai daraja da duniya ta sani da sunan garin. Da ya gama ya ɗan taɓa aikin akawun haraji, ya kuma koyar a makarantar da ta yaye shi, sa'an nan a 1937 ya shiga kamfanin takalma na Bata a matsayin akawun lissafi. Malamanmu da iyayenmu ba sa bukatar a gaya musu ko mene ne Bata, domin da yawansu da sandal ɗinsa suka shiga aji ɗaya na sakandare.

Festus bai je jami'a ba, kantin nan ne jami'arsa. Akawun lissafi shi ke ganin cikin ciniki, shi ya san nawa aka sayo kaya, nawa aka biya kuɗin jirgi da na kwastan, wa ake bi bashi, wa kuma zai iya biya. Ya riƙe wannan aiki da kyau har a 1944 aka kai shi Ikko a matsayin babban akawu, bayan shekara guda aka dawo da shi Sapele mataimakin manaja. A 1947 kamfanin ya tura shi Cekoslobakiya, ƙasar da Bata ta samo asali, ya yi kwas a kan sarrafa harkar kasuwanci da kuma kula da lafiyar ƙafa, abin da mai sayar da takalmi ke bukata. Da ya dawo bai daɗe ba ya ajiye aikin. Ina jin ya duba ne ya ga iyakar inda baƙar fata zai kai a kamfanin Bature a wancan zamani, ya ga kuwa ya riga ya kai wurin.

To, a nan ne wayonsa na ciniki ya fito. A shekarun nan manyan kamfanoni irin su UAC da John Holt da CFAO su ke riƙe da shigo da kaya da fitar da su, bankunan Turawa kuma ba su cika ba ɗan ƙasa rance ba. Har ila yau gwamnati ta kafa hukumomin ciniki, na koko a 1947, na gyaɗa da auduga da manja a 1949, waɗanda su kaɗai ke da ikon sayar da waɗannan kaya a ƙasashen waje, ɗan kasuwa sai dai ya zama wakilin saye. Amma roba da katako ba su shiga hannun hukuma ba, kuma su ne arzikin Sapele. Nan Festus ya sa kansa. Ya kafa kamfanin Afro-Nigerian, yana sayen roba da katako yana fitarwa da sunansa. Ya kuma taki sa'a, domin da yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950 farashin roba ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Hausawa na cewa mai arziki ko a Kwara ya sai da ruwa, shi kuwa wannan a bakin Kwarar ma aka haife shi.

Bai tsaya a roba ba, ya buɗe makarantu a Sapele, ciki har da kwalejin koyon kasuwanci wadda ya sa wa sunan Zik. Makarantun kuɗi ne, ana biya, saboda haka ba za a ce sadaka ce zalla ba. Amma a lokacin da sakandare ta gwamnati ba ta wuce a ƙirga da yatsu ba, yaran da suka sami gurbi a wurinsa ba su damu da ko riba yake nema ko lada ba. Mu da muka san abin da makaranta take yi wa mutum, mun san kuma irin ƙaunar da ɗalibi ke riƙewa ga wanda ya buɗe masa ƙofa. Waɗannan yara da iyayensu su ne jama'arsa ta farko da ya shiga siyasa.

Bari in ɗan ratse in kwatanta da namu. 'Yan siyasar farko na Arewa yawancinsu malaman makaranta ne da ma'aikatan En'e waɗanda suka fito daga Kwalejin Katsina. Sardauna ya koyar, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar, Malam Aminu Kano ma haka. Manyan attajiranmu irin su Alhassan Ɗantata sun fi tsayawa daga baya suna tallafawa. Akwai dai waɗanda suka biyo ta kamfani, kamar Zanna Bukar Dipcharima da ya yi aiki da John Holt, da Waziri Ibrahim da ya yi da UAC, amma su ma'aikatan kamfani ne da suka bar aiki suka shiga siyasa. Festus kuwa mai kamfani ne, kuma da kamfaninsa ya shigo, bai bar shi a bakin ƙofa ba. Wannan bambanci shi ne tushen duk abin da ya biyo baya, mai kyau da marar kyau.

A 1951 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Jihar Yamma, yana ɓangaren Dokta Nnamdi Azikiwe da jam'iyyar NCNC. A 1954 ya zama ma'ajin jam'iyyar na ƙasa baki ɗaya, aka kuma zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Ikko. Jam'iyya ba ta tafiya da jawabi kaɗai, sai da mota da mai da lasifika da kuɗin lauya, kuma ma'ajin da zai iya sa hannu a aljihunsa ranar da asusu ya bushe, ba a yi masa gardama a taro. A zaɓen tarayya na 1954 NCNC ta ba da mamaki, ta ci rinjaye a Gabas da Yamma duka, saboda haka kujerun ministoci shida na jihohin biyu suka faɗo hannunta. Ta haka Festus ya zama Ministan Ƙwadago a farkon 1955, ya zauna majalisar ministoci ɗaya da Tafawa Ɓalewa da Muhammadu Ribaɗu da Inuwa Wada. A 1957, shekarar da Ɓalewa ya zama Firayim Minista, aka ba shi Ma'aikatar Kuɗi, aikin da kafin nan wani Bature ne mai muƙamin Sakataren Kuɗi yake yi.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ya tarar. Nijeriya ba ta da kuɗin kanta. Fam da sule da sisi da taro da kwabo mai huji da ake kashewa a kasuwar Kurmi, duk na wata hukuma ce ta kuɗin Afirka ta Yamma mai hedkwata a Landan, wadda aka kafa a 1912, shekarar da aka haifi shi Festus ɗin. Kuɗi ɗaya muke kashewa da Gana da Saliyo da Gambiya. Ƙa'idar hukumar ita ce duk fam ɗin da zai yi yawo a nan sai an ajiye kwatankwacinsa na Ingila a can. Wannan ya sa kuɗin yana da daraja ƙwarai, amma kuma ajiyar ƙasa tana zaune a Landan, gwamnatin nan ba ta da ta cewa a kan yawan kuɗi ko rance. Ga shi kuma a farkon shekarun 1950 bankunan 'yan ƙasa sun yi ta tsirowa kamar naman kaza suna rushewa da ajiyar talakawa, babu mai sa musu ido sosai. Da 'yan majalisa suka nemi a kafa babban banki a 1952, masanin da aka aiko daga Bankin Ingila, Mista Fisher, ya ba da shawarar cewa lokaci bai yi ba. Sai a 1957 wani masanin, Mista Loynes, ya tsara yadda za a yi.

A hannun Festus wannan aiki ya tabbata. Aka yi dokar Babban Bankin Nijeriya a 1958, bankin ya buɗe ranar 1 ga Yuli, 1959, aka kuma fito da fam na Nijeriya, wata goma sha biyar kafin samun mulkin kai. Gwamnan bankin na farko Bature ne, Roy Fenton, amma a 1963 aka naɗa ɗan ƙasa na farko, Alhaji Aliyu Mai-Bornu, mutumin Yola, wanda shi ma tsohon malamin makaranta ne kafin ya je Ingila ya karanta tattalin arziki. A zamanin nan ne kuma aka kafa kasuwar hannun jari ta Ikko, wadda ta fara ciniki a 1961, da dokar harajin kuɗin shiga ta 1961 da ta daidaita yadda ake karɓar haraji tsakanin jihohi, da kamfanin buga kuɗi na ƙasa a 1963, da bankin raya masana'antu a 1964. Ba na cewa shi ya zauna ya rubuta dokokin nan da hannunsa. Duk wanda ya yi aikin ofis ya san manyan sakatarori da masana ne ke tsara takarda. Amma ya san kuma takarda nawa ce ke mutuwa a kan teburin shugaban da bai fahimce ta ba, ko wanda ba shi da ƙarfin da zai kare ta a majalisa. Festus ya fahimci kuɗi tun daga kanti, yana da baki, yana kuma da nauyi a jam'iyyarsa. Har suna yake raɗa wa kasafin kuɗinsa na kowace shekara, na 1958 ya kira shi kasafin jama'a, na 1961 kuwa na 'yancin kai, kamar dai yadda mai kanti ke yi wa hajarsa kirari.

Kada mu manta baitulmalin da ya riƙe ba na man fetur ba ne. An dai sami mai a Oloibiri a 1956, an fara fitar da shi a 1958, amma abin da ke ciyar da gwamnati shi ne kuɗin kwastan da gyaɗa da koko da manja da auduga da kuza. Rabon ma ba irin na yau ba ne. Bisa tsarin hukumar Raisman na 1958, rabin kuɗin ma'adinai yana komawa jihar da aka haƙo su, akwai kuma asusun haɗaka da ake rabawa, Arewa kashi 40 cikin ɗari, Gabas 31, Yamma 24, Kudancin Kamaru 5. Jihohi na da ƙarfi, tarayya kuwa sai ta yi dabara. Shirin raya ƙasa na farko, na 1962 zuwa 1968, an ƙiyasta zai ci kimanin fam miliyan 676, ana sa ran rabi zai fito daga waje, kuma Ministan Kuɗi ne mai yawon nemowa. Mu 'yan Arewa mun ci moriyar irin wannan rance. Bashin farko da Nijeriya ta karɓa daga Bankin Duniya, dala miliyan 28 a 1958, na aikin jirgin ƙasa ne, wanda ya ja dogo daga Kuru ta Bauchi da Gombe har ya isa Maiduguri a 1964. A 1964 ɗin kuma aka sami dala miliyan 82 domin madatsar ruwa ta Kainji.

Sai dai kuɗin waje bai zo yadda aka zata ba, kuma nan wata ɓaraka ta buɗe. Kamfanonin ƙasashen waje suka riƙa zuwa da tayin cewa za su gina masana'anta ko su kawo injuna bashi, a biya su cikin 'yan shekaru. Irin wannan ciniki ba a cika yin gasar kwangila a kansa ba, farashi yakan kumbura, kuma a cikin kumburin nan ake zargin rabon manya yake. Daga nan maganar kashi goma cikin ɗari ta zama ruwan dare a bakin jama'a, kuma tun da Ministan Kuɗi ne ke sa hannu a kan lamunin gwamnati, sunansa ne kan gaba a duk lokacin da aka tayar da zancen.

Shi ma bai taimaki kansa ba. Ana kiransa Omimi-Ejo, kuma in zai fita taro yakan ɗaura zane irin na manyan Itsekiri, mai tsawon gaske, yana jan sa a baya har sai an sa yaro ya riƙe bakinsa, ga murjani a wuya, ga malafa mai gashin tsuntsu. A wurin mutanensa wannan shigar girma ce, kamar yadda alkyabba da rawani suke a wurinmu, kuma a gaban Turawa yana nuna cewa shi ma ɗan wani gida ne. Amma leburan da ke karɓar 'yan suloli a yini, ya ga hoton mai riƙe da kuɗin ƙasa yana jan yadi a ƙasa, ba al'ada yake gani ba. Ɗan kasuwa yana nuna arzikinsa ne don a amince a ba shi kaya bashi. Ma'aji kuwa in ya nuna nasa, tambaya ake yi.

Babban abin da aka riƙe a kansa shi ne bai daina ciniki ba. Yana kan kujerar minista ya buɗe masana'antar gyaran roba a 1958, a 1963 kuma ya buɗe ta takalman roba da kambas mai suna Omimi a Sapele. Ma'aikatarsa ce ke tsara kuɗin kwastan a kan kayan da ake shigowa da su, ciki har da takalma, sai aka zarge shi da ƙara wa takalman waje haraji don nasa su sami kasuwa. Masu kare shi suna da amsa, cewa kare masana'antun gida manufar gwamnati ce a lokacin, an yi wa masaƙun Kaduna, an yi wa siminti, don me ba za a yi wa takalmi ba? Amsar tana da ma'ana, amma ba ta warware matsalar ba. Ko da harajin daidai ne, mutumin da zai ci ribarsa bai kamata ya zama mai yanke shi ba, domin daga ranar babu wanda zai iya rarrabe inda amfanin ƙasa ya tsaya da inda na kanti ya fara, watakila har shi kansa. Taura biyu ba ta taunuwa. Mu da muke cika fom ɗin bayyana kadara, muka kuma san dokar da ta hana ma'aikaci gudanar da wata sana'a in ba noma ba, ya kamata mu san cewa wannan ƙa'ida ta shiga tsarin mulki ne a 1979, bayan an ga abin da rashinta ya jawo. Ko muna bin ta, wannan kowa ya tambayi kansa.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba shi kaɗai ne ya haɗa siyasa da kasuwanci ba. A 1956 an kafa hukumar Foster-Sutton ta binciki yadda kuɗin Jihar Gabas suka shiga bankin da ke da alaƙa da Azikiwe, a 1962 kuma hukumar Coker ta binciki yadda kuɗin hukumomin Jihar Yamma suka zurare zuwa jam'iyyar Awolowo. Jam'iyyun duk suna bukatar kuɗi, kuma babu wata hanya ta halal da aka tanada mai isar su. Ma'ajin jam'iyya da aka ba ma'ajin ƙasa, an sa shi a tsakiyar wannan rami tun ranar farko.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihinsa shi ne zamansa da Tafawa Ɓalewa. Ga malamin makaranta mai sanyin hali da ƙanƙan da kai, wanda ya bar duniya ba tare da ya tara abin kirki ba, ga kuma attajiri mai son a gan shi, amma suka yi shekara takwas da 'yan watanni ɗaya na shugaba ɗaya na ma'aji, ba su rabu ba. Dalilin yana cikin lissafin majalisa. A zaɓen 1959, cikin kujeru 312, NPC ta sami 134, NCNC da abokiyarta NEPU 89, AG kuma 73. Da NCNC ta haɗa kai da AG da sun kafa gwamnati ba tare da NPC ba. Festus na cikin manyan NCNC da suka tsaya a kan a tafi da Arewa, haka kuwa aka yi, har NEPU ta wayi gari a ɓangaren gwamnati tare da abokiyar hamayyarta ta gida. Yana da nasa dalilin. Mutanensa tsiraru ne a Jihar Yamma ƙarƙashin AG, suna neman jiharsu, kuma ba za su samu ba sai da ƙuri'un Arewa a majalisa. A 1963 aka yi ƙuri'ar raba gardama, aka kafa Jihar Yamma ta Tsakiya da hedkwata a Benin, Dennis Osadebay ya zama Firimiya, amma kowa ya san Festus na cikin ginshiƙan da suka ɗauki nauyin tafiyar.

Da ƙarfi ya zo hannunsa a gida, bai yi sassauci ba. Sarkin Itsekiri, Olu na Warri Erejuwa na Biyu, wanda ake ganin yana tare da AG, ba sa ga maciji da shi. A 1964 gwamnatin sabuwar jihar ta tuɓe sarkin ta kai shi Ogbesse, bai dawo gadonsa ba sai a 1966 bayan sojoji sun karɓi mulki. Mutanen Kano da suka ga tafiyar Sarki Sanusi Azare a 1963 sun san irin tabon da wannan ke bari a zukatan jama'a.

Shekarar 1964 ta zo da wuya. A watan Yuni ma'aikata suka tafi yajin aiki na ƙasa baki ɗaya, kusan mako biyu, saboda gwamnati ta yi jinkiri a kan rahoton hukumar Morgan na ƙarin albashi, da ta fito da shi kuma ta rage abin da aka ba da shawara. Hujjar gwamnati ita ce babu kuɗi, ma'aikata kuwa suna nuna gidaje da motocin ministoci. A ƙarshen shekara aka yi zaɓen tarayya, NCNC ta koma ƙawance da AG da NEPU da UMBC a ƙarƙashin UPGA, suka ce a ƙaurace wa zaɓen ranar 30 ga Disamba. A Gabas ba a yi zaɓe ba, amma a Yamma ta Tsakiya shugabannin NCNC suka bar jama'a suka jefa ƙuri'a. Shugaban Ƙasa Azikiwe ya yi kwanaki bai kira Ɓalewa ya kafa gwamnati ba, sai ranar 4 ga Janairu, 1965 aka sasanta, kuma a sabuwar gwamnatin Festus ya koma kujerarsa ta kuɗi. A wurin Ɓalewa wannan amana ce. A wurin masu zafin ra'ayi na Kudu kuwa, har cikin jam'iyyarsa, ya zama mutumin Arewa, ga kuma tsohon zargin da ke wuyansa.

Ranakun 11 da 12 ga Janairu, 1966 aka yi taron shugabannin ƙasashe renon Ingila a Ikko a kan rikicin Rodeshiya, Ɓalewa ne mai masaukin baƙi. Kwana uku bayan haka, cikin watan azumi, kafin asubahin ranar Asabar, sojoji ƙarƙashin Manjo Emmanuel Ifeajuna suka ɗauke Firayim Minista daga gidansa, aka kuma ɗauke Ministan Kuɗi daga nasa da ke kusa. A Kaduna Manjo Nzeogwu, bayan an kashe Sardauna, ya yi jawabi a rediyo inda ya lissafa masu karɓar kashi goma cikin abokan gaban juyin nasu. A cikin manyan 'yan siyasar NCNC, Festus kaɗai aka kashe. Bayan kusan mako guda aka tsinci gawarsa a daji a gefen hanyar Ikko zuwa Abeokuta, kusa da inda aka sami ta Ɓalewa. Yana da shekara 53.

Azikiwe da Awolowo an kafa musu hukuma, an karanta musu zargi, an buga rahoto, sun kuma rayu sun ci gaba da siyasa har jamhuriya ta biyu. Shi kuwa ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a buɗe littafin lissafinsa a gabansa an ce ga abin da ka ci ba. Waɗanda suka harbe shi sun hana shi kare kansa, sun kuma hana ƙasa jin amsar da zai bayar. Shi ya sa har yau masu zarginsa da masu yabonsa kowa na da abin faɗa, ba mai iya rufe bakin wani. Sojojin da suka zo da sunan kawar da kashi goma, su da magadansu sun yi shekara goma sha uku a kan mulki a zangon farko kawai, kuma mai karatu ya san ko an daina karɓa.

Bayansa Awolowo ya riƙe Ma'aikatar Kuɗi daga 1967, Alhaji Shehu Shagari ya gaje shi a 1971, kuma a zamanin Shagari ne naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule ranar 1 ga Janairu, 1973. In ka duba takardun kuɗin da ke aljihunka za ka ga Ɓalewa a naira 5, Awolowo a 100, Sardauna a 200, Azikiwe a 500, Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong kuma a 1000. Hoton ministan da aka fara buga kuɗin Nijeriya a zamaninsa ba ya kan ko ɗaya. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata ta yi aikin gwamnatin tarayya har ta kai matsayin babbar sakatariya. Sunansa ya saura a wani titi a unguwar Ikoyi da ke Ikko, da kuma wata makarantar sakandare a Sapele.